Tarihin Yadda Ɗalibin Hausa Ya Tara Kalmomin Turanci Don Karanta Labari

Duk ɗalibin da ya taɓa ɗaukar ƙagaggen labari na Turanci ya san wahalar nan: kana cikin jin daɗin labari sai kalma ɗaya ta tare maka hanya, ka ajiye littafi ka nemi ƙamus, kafin ka dawo zaren labarin ya tsinke. Na ga wannan ga ƙannenmu 'yan sakandare a garinmu Mairuwa, na kuma gan shi ga abokan karatu a nan jami'a. Maganin da yawancinmu ke yi shi ne a sami littafin rubutu a jera baƙin kalmomi a yi ta hadda. Manufata a wannan maƙala ita ce mu waiwayi yadda magabatanmu suka fuskanci matsalar, domin tarihin ya nuna hadda ba ita ta fisshe su ba.

Ƙamus na baƙo

Abin lura na farko shi ne, ƙamusoshin Hausa na farko ba dominmu aka yi su ba. J. F. Schön ya fitar da nasa a 1876, C. H. Robinson ya biyo baya a 1899, sannan G. P. Bargery ya kawo babban ƙamusun nan mai shafi fiye da 1,200 a 1934, R. C. Abraham kuma nasa ya fito a 1949. Dukkansu an tsara su ne don Bature, ɗan mishan ko jami'in mulki, ya san abin da Bahaushe ke faɗa. Ko sashen Turanci zuwa Hausa da ke ƙarshen na Bargery, jagora ne ga mai neman kalmar Hausa. Wato yaron da ya shiga makarantar Ɗan Hausa a Nasarawa ta Kano, wadda aka buɗe a 1909, ko Kwalejin Katsina da Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, ya daɗe ba shi da ƙamusun da aka yi musamman don a fassara masa Turanci da harshensa. Sai a 1965 Neil Skinner ya fitar da Kamus na Turanci da Hausa a Zariya, na Roxana Ma Newman kuwa bai fito ba sai 1990.

To, in haka ne, ta yaya ɗaliban Katsina irin su Abubakar Imam da Abubakar Tafawa Balewa suka naƙalci Turanci har aka riƙa kwatance da su?

Karatu da yawa

Amsa ta farko tana cikin tsarin kwalejin: ɗalibai kaɗan ne, suna kwana a makaranta, ana matsa musu wajen lafazi da karatu a bayyane shekara biyar. Amsa ta biyu tana cikin abin da Imam ya yi bayan ya gama. A 1936 Dokta Rupert East na Hukumar Talifi ya ɗauko shi daga Midil ta Katsina zuwa Zariya, ya tara masa littattafan labarai na Larabawa da na Turawa, ya ce ya karanta ya rubuta nasa. Abin da ya fito shi ne Magana Jari Ce. Mutumin da zai iya ɗaukar labarin Jamus ko na Bagadaza ya sa masa riga da hula har mai karatu ya rantse a Hausa aka haife shi, lalle ba kalma ɗaiɗai yake fassarawa ba. Ya karanta da yawa har ya san abin da kalma ke yi a cikin labari.

Dabarar Michael West

A daidai wannan zamani, wani malami Bature mai suna Michael West yana fama da irin matsalarmu a Bengal ta ƙasar Indiya. Ya lura cewa littattafan da ake ba yara cike suke da baƙin kalmomi, har yaro ya gaji ya jefar. Sai ya sake rubuta labarai da kalmomi ƙididdigaggu, sabuwar kalma ta shigo jefi-jefi, kuma a maimaita ta sau da yawa kafin wata ta zo. Kamfanin Longmans ya buga su da sunan New Method Readers, suka bazu a makarantun ƙasashen da Ingila ke mulka. A 1935 shi da James Endicott suka fitar da ƙamus wanda ke bayyana ma'anar kowace kalma da kalmomi 1,490 kacal. Wannan shi ne ɗan ƙamusun da iyayenmu ke kira "Michael West" kawai. A 1953 kuma ya fitar da jerin kalmomi kimanin 2,000 da suka fi yawo a Turanci.

Hikimar a fili take. Yaro ya fara da labarin da ya san kusan duk kalmominsa, ya gama shi, ya ji daɗi, ya ɗauki na gaba da shi. Sannu ba ta hana zuwa. Binciken da Paul Nation ya buga a 2006 ya ƙarfafa wannan: kafin mutum ya karanta ƙagaggen labari na Turanci ba tare da taimako ba, yana bukatar sanin kashi 98 cikin ɗari na kalmomin shafi, wato baƙuwa ɗaya cikin hamsin, kuma wannan na bukatar tushen kalmomi 8,000 zuwa 9,000. Tsakanin 2,000 da 8,000 akwai tafiya mai nisa, wadda babu mai haddar da zai iya yin ta da littafin rubutu.

Labarin da ka san duniyarsa

Mataki na ƙarshe ya zo ne daga marubutan Afirka. Chinua Achebe ya fitar da Things Fall Apart a 1958, a 1962 kuma kamfanin Heinemann ya fara jerin littattafan marubutan Afirka da shi, Burning Grass na Cyprian Ekwensi ya biyo a matsayin na biyu. Labarin Ekwensi na Fulani makiyaya ne. Yaron da ya tashi tsakanin Faskari da Funtuwa ya san ruga, ya san shanu, ya san ƙonar daji da rani. In ya ci karo da baƙuwar kalma a nan, abin da ya riga ya sani zai nuna masa ma'anarta. Amma a ba shi labarin Landan na zamanin Dickens, nauyi biyu ne a kansa: bai san kalmar ba, bai kuma taɓa ganin abin da take nufi ba. A 1967 Mervyn Hiskett ya fassara Shaihu Umar zuwa Turanci, ga shi kuwa ɗalibin Hausa ya sami tsani mai kyau, tun da zai iya ajiye na Hausa da na Turanci gefe da gefe.

Kammalawa

Yau ƙamus yana cikin wayar hannu, abin da su Imam ba su samu ba. Sai dai sauƙin duba kalma bai rage yawan karatun da ake bukata ba. Shawarata ga 'yan'uwa ɗalibai, musamman waɗanda za su koma koyarwa a garuruwanmu, ita ce mu bi sawun da tarihi ya nuna: a fara ba yaro labari mai sauƙi, sannan wanda ya san duniyarsa, sannan na nesa. Ya karanta babi ya kai ƙarshe, ya duba kalmar da ta dawo sau uku ko huɗu kawai, ya bar sauran su bayyana kansu. Kuma ina kira ga wannan ƙungiya tamu ta tara irin waɗannan littattafai lokacin hutu ta kai makarantun ƙauyuka, don da yawa daga ƙannenmu littafin jarrabawa shi ne labarin Turanci na farko da suke taɓa riƙewa. Allah ya sa mu dace, amin.