Hanyar Leh: Wa Ke Share Wa Mai Babur Ƙanƙara?

Duk wanda ya kalli fim ɗin Jab Tak Hai Jaan na 2012 ba zai manta Shah Rukh Khan cikin kakin soja ba, a kan babur, yana ratsa wasu duwatsu tsirara waɗanda babu ko ɗan tsiro a jikinsu. Wannan ƙasa ita ce Ladakh, can ƙuryar arewacin Indiya, tsakanin iyakar Sin da ta Pakistan. Ni dai tun daga ranar da na ga wannan hanya na ƙulla a raina sai na taka ta, domin kuwa a lokacin ina karatu a Indiya, kuma tun ina ƙaramar sakandare nake hawan Jincheng ɗin yayana, har ina ganin babu abin da wani zai koya mini game da babur. Ashe da sauran rina a kaba.

A watan Yuni na 2014, ba a daɗe da buɗe hanyar ba, ni da wani abokin karatuna muka ɗauki hayar Royal Enfield Bullet guda biyu a garin Manali, muka nufi Leh, babban garin Ladakh. Tafiyar wajen kilomita 475 ce a wancan zamani. Don mai karatu ya gane irin hawan da ake yi, dutse mafi tsawo a Nijeriya, wato Chappal Waddi na jihar Taraba, mita 2,419 ne. To garin Leh kansa, inda mutane ke kwana suna tashi, yana kan mita 3,500. Kafin ka kai can kuma sai ka ƙetare mashigan duwatsu, waɗanda mutanen wurin ke kira "la": Rohtang mai mita 3,978, Baralacha mai wajen 4,850, Lachulung da ya ɗan haura 5,000, sai Tanglang mai 5,328.

Wannan hanya ba ta aiki duk shekara. Daga wajen Nuwamba dusar ƙanƙara ke binne ta, a wancan zamani sai Mayu ko Yuni ake samun wucewa. Masu babur kuwa farkon buɗewar nan suka fi so, saboda a lokacin ne mutum zai bi tsakanin katangu biyu na ƙanƙara da suka fi rufin mota tsawo, ya ɗauki hoto, ya dawo gida yana cika baki. Kuɗin wannan cika baki shi ne laka da ruwa. Tun a hawan Rohtang muka fara biya, inda kwalta ta ƙare, hanya ta zama caɓi har ƙauri, manyan motoci sun tumurmusa ta, taya na juyawa babur na tsaye. An ce ma'anar sunan Rohtang shi ne tarin gawarwaki, saboda yawan matafiyan da guguwa ta halaka a wurin tun zamanin tafiyar ƙasa.

Bari mu ɗan koma baya, domin hanyar ta girmi babur nesa ba kusa ba. Shekaru aru-aru Leh zango ne na fatake. Ayari kan taso daga Kashmir da Punjab da shayi da tufafi da kayan yaji, ya haɗu da na Tibet mai ulu da gishiri, da na Yarkand a ƙasar Turkistan mai dardumai da siliki. Mai zuwa Yarkand sai ya haye Khardung La, ya sauka kwarin Nubra, sannan ya nufi mashigar Karakoram mai sama da mita 5,500, inda matafiya suka rubuta cewa ƙasusuwan dawaki da alfadarai ne ke nuna wa madugu hanya. Shi ma fatauci a nan da lokacinsa: ƙanƙara ta narke a tashi, ta fara zuba a tsaya. Wannan ciniki ya mutu bayan 1949, lokacin da sabuwar gwamnatin Sin ta rufe iyaka. Abin da ya rage na tunawa da shi su ne raƙuma masu tozo biyu da ke kwarin Nubra, waɗanda 'yan yawon buɗe ido ke hawa.

Abin da ya kawo hanyar mota kuwa yaƙi ne. Bayan raba Indiya da Pakistan a 1947, faɗa ya ɓarke a kan Kashmir, kuma a 1948 mayaƙa daga ɓangaren Pakistan suka kama Kargil da mashigar Zoji La, suka yanke Leh daga Srinagar. A lokacin babu titin mota ko ɗaya zuwa Leh. Daga Srinagar tafiyar sama da mako biyu ce a kan doki. Ranar 24 ga Mayu 1948 wani matuƙi mai suna Mehar Singh ya sauke jirgin Dakota a wani fili a bakin garin, saboda haka mutanen Leh sun ga jirgin sama kafin su ga mota. Ranar 1 ga Nuwamba na shekarar kuma sojojin Indiya suka hau Zoji La da ƙananan tankokin yaƙi, bayan injiniyoyinsu sun faɗaɗa turbar alfadarai cikin gaggawa. Za a iya cewa daga nan aka fara.

Sai kuma Sin ta kammala tata hanyar a 1957, wadda ta ratsa Aksai Chin, yankin da Indiya ke cewa nata ne. Wannan ya farkar da gwamnatin Nehru, aka kafa hukumar gina hanyoyin iyaka, BRO, a watan Mayu na 1960. Titin Srinagar zuwa Leh ya samu a 1962, shekarar da Indiya da Sin suka gwabza, Indiya ta sha kashi. Amma titin Srinagar na da aibi guda: yana bi dab da layin da ya raba sojojin Indiya da na Pakistan. Shi ya sa aka buƙaci hanya ta biyu ta bayan gida, wato ta Manali, wadda soja suka daɗe suna amfani da ita kafin a buɗe wa baƙi a 1989. Amfaninta ya fito fili a yaƙin Kargil na 1999, lokacin da aka riƙa yi wa titin Srinagar ruwan harsashi daga kan duwatsu. Ita ma Khardung La, da aka fasa wa hanya a 1976 aka buɗe wa jama'a a 1988, ta nan ake kai wa sojojin da ke Siachen abinci da mai tun daga 1984.

Shi kansa babur ɗin da muke kai ɗan soja ne. Royal Enfield kamfanin Ingila ne na garin Redditch. A farkon shekarun 1950 gwamnatin Indiya ta nemi babur mai juriya don sintirin iyaka, ta yi odar Bullet mai 350 guda 800. A 1955 aka kafa kamfanin harhaɗa shi a Madras, garin da yanzu ake kira Chennai, kuma zuwa 1962 kusan komai nasa a Indiya ake ƙerawa. Uwar kamfanin ta durƙushe a Ingila wajen 1970, 'yar ta ci gaba da rayuwa a Indiya. Babur ne mai nauyi, mai ƙarar salansa kamar ana daka, ba shi da gudu amma yana da ja, kuma kowane bakanike na bakin titi ya san cikinsa. Ladakh ta buɗe wa baƙi a 1974, sannu a hankali Turawa suka fara hawa da shi, sannan samarin Indiya suka biyo. Bayan fim ɗin 3 Idiots na 2009, wanda aka ɗauki ƙarshensa a bakin tafkin Pangong, sai abin ya zama ruwan dare.

Duk wannan tarihi daga baya na bi na karanta. Abin da ya sa na neme shi kuwa ya faru ne a kwana na biyu. Mun sha mai a Tandi, inda a wancan lokaci akwai allo mai gargaɗin cewa gidan mai na gaba sai bayan kilomita 365, muka ɗaure jarkoki a baya. Amma mun makara wajen tashi, kuma a wannan hanya makara laifi ce babba. Dalili kuwa, rafukan da ke tsallaka titi ƙanƙara ce ke ciyar da su. Da asuba ruwan bai wuce idon sawu ba, amma da rana ta take, narkewa ta kankama, sai ya kai gwiwa, yana tafe da duwatsu. Akwai ma waɗanda ake wa laƙabi da Pagal Nala, wato mahaukacin rafi, kuma masu kallon finafinan Indiya ba sa buƙatar a fassara musu "pagal".

Ga wata matsalar kuma. A wajen mita 5,000 iskar da mutum ke shaƙa amfaninta wajen rabin na ta bakin teku ne. Injin ma shaƙa yake yi: iska ta ragu, kafireta na ci gaba da zuba mai kamar da, sai fulogi ya yi baƙi, babur ya riƙa tari, ka murɗa totur ya ƙi amsawa. Mutum kuwa kansa ke sarawa, zuciya na tashi, tunani ya yi nauyi, kuma maganinsa na gaskiya shi ne a sauka ƙasa. Haka muka haye Baralacha da la'asar, ni da babur duk muna haki, muka iske wani rafi a gangara. Abokina ya wuce. Ni na shiga da giya ta biyu maimakon ta ɗaya, tayar gaba ta daki dutse, injin ya mutu a tsakiyar ruwa. Na sa ƙafa, sanyin ya ratsa ni har ƙwaƙwalwa, na ji babur na kwantawa ruwa na jan sa zuwa bakin kwazazzabo, ni kuma hannuna ya ƙi sakin kansa.

Wasu mutum huɗu ne suka ajiye shebur da diga suka faɗo ruwan. Gajeru ne, baƙaƙe kusan kamata, sun naɗe fuska da tsumma, rigunan sanyinsu duk sun yage. Biyu suka kama gaba, ɗaya ya tura baya, dattijon cikinsu ya riƙe ni a kafaɗa har tudu. Suka zaunar da ni kusa da gangar da suke dafa kwalta, aka miƙo mini shayi a kofin silba. Da ɗan Hindin da na iya na ce wa dattijon, "Chacha, daga ina kuke?" Ya ce daga Dumka, a jihar Jharkhand. Tafiyar kwanaki ce a jirgin ƙasa da mota, ƙasa mai zafi kamar tamu. Na tambaye shi ko yana son duwatsun nan, ya yi dariya ya ce, "Beta, ku kuke biyan kuɗi ku zo." Na ciro kuɗi, ya ture hannuna, ya ce gobe in tashi da wuri.

Daga nan idona ya buɗe. Na fara lura da tantunan leda a gefen hanya, da mata masu goyo suna fasa dutse da guduma, da ƙananan duwatsun tunawa da aka kafa a kwanoni ɗauke da sunayen ma'aikatan da suka mutu a wurin. Na kuma fahimci yadda ake buɗe hanyar. Tun wajen watan Maris, lokacin da mu masu babur ke gida muna duba taswira, ayarin katafila ke tasowa daga ɓangarori biyu: rundunar Himank, da aka kafa a 1985, daga Leh, wata kuma daga Manali, har su haɗu a tsakiya. Titin ba ya ganuwa a ƙarƙashin ƙanƙara, direban katafila da sanin wuri yake laluben inda gefe yake, ga rami a hannu ɗaya, ga tarin ƙanƙara na jiran zubowa a ɗaya hannun. Katangun nan da muke ɗaukar hoto a tsakaninsu sawun aikinsa ne. Darajar leburorin ta fito a Yunin 2020, lokacin da annobar korona ta tsayar da komai ga kuma rikici da Sin a Galwan: sai da aka ware jiragen ƙasa na musamman don kwaso dubbansu daga Dumka.

Mun isa Leh a kwana na uku, muka huta, sannan muka hau Khardung La kamar kowa. A lokacin akwai allo a wurin mai cewa ƙafa 18,380, hanyar mota mafi tsawo a duniya. Awo na zamani ya nuna mita 5,359 ne, wato allon ya yi ƙarin sama da mita 200, kuma tun a lokacin akwai hanyoyin da suka fi ta. A 2021 BRO ta shimfiɗa kwalta a Umling La mai kusan mita 5,800, a kudu maso gabashin Ladakh, masu neman suna suka karkata can. Ni ma na tsaya gaban allon na ɗauki hoto, ba zan ɓoye ba, amma kunya ta hana ni ɗaga hannu.

Hanyar da na bi ta sauya. Ranar 3 ga Oktoba 2020 aka buɗe ramin Atal mai kilomita 9 a ƙarƙashin Rohtang, wanda ya rage kilomita 46, saboda haka cabin da ya wahalar da mu ba dole ba ne yanzu. An zuba kwalta a wurare da dama da muka bi a burji, sababbin babura kuma sun rabu da kafireta. Amma Baralacha na nan, hunturu na rufe ta, bazara ta zo a sake haƙo ta, ruwa ya cinye abin da aka gyara bara, a sake kawo mutane daga nesa su gyara.

Hoton Khardung La na cikin akwati. Wanda na rataye a ɗakina shi ne wanda abokina ya ɗauka ban sani ba: ni a zaune jiƙe sharkaf da kofin shayi, mutum huɗu a tsaye suna matse wandunansu. Ban tambayi sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma wannan na damuna har yau. Waɗanda suka rasu a bakin wannan aiki, Allah ya ba iyalansu haƙuri. Masu rai kuma Allah ya mayar da su gida lafiya.