Yadda tuwo, burodi da lemon kwalba ke zama sukari a cikin jini

A Babban Giji da Gyadi-Gyadi, kamar sauran unguwannin ƙaramar hukumar Tarauni, abincin yini guda ba boyayye ba ne: koko da ƙosai ko shayi da burodi da safe, shinkafa ko taliya da rana, tuwo da dare. Mutane da yawa da aka ce su rage sukari sukan daina zuba shi a shayi, su ci gaba da cika kwano da tuwon shinkafa, sannan su yi mamakin sakamakon gwaji. Dalili kuwa shi ne jiki ba da zaƙin harshe yake auna sukari ba.

Shinkafa, masara, gero, dawa, alkama da rogo duk cike suke da sitaci, wanda dogon jerin ƙwayoyin sukari ne mai suna gulukos, a sarƙe da juna. Narkewarsa tun a baki take farawa, domin yawu na ɗauke da sinadarin amilas mai tsinka wannan sarƙa. Shi ya sa lomar gurasa kan ɗan yi zaƙi idan aka daɗe ana tauna ta. Babban aikin a ƙaramin hanji ake yin sa, inda ruwan da ke fitowa daga fankiriyas, wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi, ke taimakawa wajen warware sitacin zuwa gulukos, daga nan ya shige jini.

Gulukos da ke yawo a jinin baligi mai lafiya bai wuce giram 4 ba, wato kusan ƙaramin cokali guda, alhali malmalar tuwo ɗaya na iya sakin ninkin wannan sau da dama. Fankiriyas ce ke daidaita lamarin ta hanyar fitar da insulin, wanda ke sa tsoka da kitse su karɓi gulukos, hanta kuma ta adana wani kaso don lokacin yunwa ko azumi. Ciwon sukari yana samuwa ne idan insulin ya yi ƙaranci, ko kuma jiki ya daina jin umarninsa.

Sauri da yawa

A shekarar 1981, David Jenkins da abokan aikinsa a Jami'ar Toronto da ke Kanada suka fito da ma'aunin da ke nuna saurin da abinci ke ɗaga sukarin jini, inda aka ba gulukos zalla maki 100. A jadawalin da masana ke amfani da shi, farin burodi yana kusan 75, dafaffiyar farar shinkafa kusan 73, sukarin shayi kuwa kusan 65. Wato burodin da mai shayi ke yankawa ya fi sukarin da ke cikin kofin saurin shiga jini. Wannan ba wanke sukari ba ne: rabinsa furuktos ne, wanda hanta ke sarrafawa, kuma idan ya yi yawa tana mayar da shi kitse.

Abin da ke rage wannan sauri shi ne dusa da ɓawon hatsi, da ganye, da mai, da abinci mai gina jiki. A nan ne surfe da niƙa ke da tasiri. Masarar da aka surfe tas, aka kai inji, aka tankaɗe, aka tuƙa har ta yi laushi, an riga an yi wa hanji rabin aikinsa. Wake kuwa yana narkewa sannu a hankali, don haka garau-garau mai wake da yawa ya fi shinkafa zalla sauƙi ga jini. Haka nan tuwon da aka ci da wadatacciyar miyar kuka ko kuɓewa, ko aka fara da kwaɗon zogale ko rama. Ɗumame ma yana da ɗan bambanci, domin idan sitaci ya huce wani ɓangarensa kan taurare ya ƙi narkewa a ƙaramin hanji, sai dai bambancin kaɗan ne, bai kai a ƙara malmala saboda shi ba. Gero da alkama sun fi farar shinkafa dusa, amma cin su fiye da kima yana ɗaga sukari kamar kowane hatsi.

Abin sha shi ne mafi haɗari, domin ba a tauna shi kuma ba ya ƙosarwa. Gorar Coca-Cola mai santilita 50 tana ɗauke da sukari kusan giram 53. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idarta ta 2015, ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu daga abinci a yini, wanda ga baligi kusan giram 50 ne, ko ƙananan cokula 12. Gora ɗaya ta cinye kason. Zoɓo, kunun aya da furar da aka dama da sukari suna cikin wannan lissafi, haka ma zuma da mazarƙwaila, duk da martabar da ake ba su. A Najeriya, Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 kan kowace lita ta lemo mai zaƙi.

Abin da bai narke a ƙaramin hanji ba yana wucewa babban hanji, inda ƙwayoyin halitta masu amfani ke cinye shi su fitar da iska. Kumburin ciki bayan cin wake daga nan yake. Wasu kuma madara ce ke ɓata musu ciki saboda jikinsu ba ya narka sukarinta, amma sukan fi jure wa nono da kindirmo, tunda tsami ya rage shi.

Gwaji

Ana yin gwajin sukari bayan an kwashe aƙalla awa 8 ba a ci komai ba. Sakamakon da ke ƙasa da 100 a ma'aunin mg/dL daidai ne. Daga 100 zuwa 125 gargaɗi ne. 126 ko sama, idan ya maimaitu, ciwon sukari ne. Ciwon yakan yi shekaru ba tare da wata alama ba, kafin ƙishirwa, yawan fitsari, rama ko gyambon ƙafa su bayyana. Mazauna yankin suna da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a kan titin Zariya, wanda aka kafa a 1988, kuma ƙananan asibitoci ma suna yin gwajin da ɗigon jini daga yatsa. Ga mai shan maganin sukari ko mai allurar insulin, tsallake abinci na iya sa sukarin ya faɗi ƙasa da 70, ya kawo karkarwa, gumi da jiri, wani lokaci har da suma, shi ya sa likitoci kan sake tsara awon magani ga masu niyyar azumi tun kafin watan Ramadan ya kama.