Tarihin Hayaƙin Gobarar Dajin Indonesiya

Wani mai saurarenmu daga Gusau ya aiko da takarda yana son a ba shi tarihin hayaƙin nan da ke turnuƙe ƙasashen kudu maso gabashin Asiya, kuma wai me ya hana a magance shi?

To Malam, wannan hazo ba irin na hunturu ba ne, hayaƙin gobarar daji ne daga tsibiran Sumatra da Borneo, yawanci a ɓangaren Indonesiya. Manoma can sun daɗe suna sa wuta in za su yi sharar gona. Abin da ya sauya shi ne zuwan manyan kamfanonin katako da na kwakwar manja, waɗanda suka ga wuta ta fi katafila araha.

Wani abin kuma, dajin da yawansa fadama ce, ƙarƙashinta ruɓaɓɓun ganyaye da itatuwa ne jibge shekara dubbai. In aka janye ruwan, ƙasar kanta sai ta zama makamashi, wuta ta yi ta ci ta ƙasa wata da watanni. Gwamnatin Shugaba Suharto da kanta ta haƙa magudanai a irin wannan fadama a tsakiyar Kalimantan, wai za a noma shinkafa a hekta miliyan ɗaya. Shinkafar dai ba ta yi ba.

Da fari ya zo a 1997, sai abin ya ƙazanta. Hayaƙi ya rufe Malesiya da Singafo da Brunei, har aka kafa dokar ta-ɓaci a jihar Sarawak. A cikin wannan hazo ne jirgin saman Garuda ya faɗi kusa da Medan ran 26 ga Satumba, mutum 234 suka halaka. Suharto ya nemi gafarar maƙwabta. Da farko ƙananan manoma aka ɗora wa laifi, sai hotunan tauraron ɗan'adam suka nuna wuta a filayen kamfanoni, wasunsu kuwa na mutanen da ke kusa da fada ne.

A 2002 ƙasashen ƙungiyar ASEAN suka rattaba hannu kan yarjejeniyar yaƙi da hayaƙin, amma majalisar Indonesiya ba ta amince da ita ba sai 2014, ita ce ta ƙarshe. Kuma yarjejeniyar ba ta tanadi hukunci ba, don al'adar ƙungiyar ce kada wata ƙasa ta tsoma baki a harkar wata. Shekara ɗaya bayan nan, watau 2015, hekta miliyan 2.6 ta ƙone, Bankin Duniya ya ƙiyasta asarar da dala biliyan 16.