Kaburburan Fadawan Fir'auna a Luksor

In aka ambaci kaburburan Masar, abin da ke fara zuwa wa mutum a rai shi ne dala da zinariyar Tutankamun. Amma a yammacin kogin Nilu, daura da Luksor, akwai kaburbura fiye da 400 da aka sassaƙa cikin dutse waɗanda ba na sarakuna ba ne. Na wazirai ne da magatakarda da sauran ma'aikatan fada. Ga mai neman tarihi sun fi na sarakunan amfani, domin a bangonsu ne aka zana manomi yana huɗa, masunci yana jan koma, makaɗa suna wasa wajen biki.

Ɓarnar da aka yi musu ba kaɗan ba ce. Wajen 1820 wani Bagirke, Giovanni d'Athanasi, mai yi wa wakilin Ingila Henry Salt aiki, ya ɓamɓare zane-zane daga kabarin Nebamun, mai lissafin hatsin haikalin Amun, wanda ya rayu kimanin shekara 1350 kafin haihuwar Annabi Isa. Gutsure 11 suna gidan tarihi na Biritaniya a London, har da na Nebamun yana farautar tsuntsaye a fadama tare da kyanwarsa. Kabarin kuwa ya ɓace, don ba a rubuta inda yake ba. Wannan ba bincike ba ne, wawaso ne.

Gyara ya soma da lissafi. A 1913 Alan Gardiner da Arthur Weigall suka buga jerin kaburbura 252, kowanne da lambarsa da sunan mai shi, aka kuma sanya wa da yawa ƙofofin ƙarfe. Amma aikin da ya fi ɗorewa shi ne na Norman de Garis Davies da matarsa Nina, waɗanda suka zauna a ƙauyen Gurna daga 1907 zuwa 1939 suna kwafe bangaye. Nina kan dama launi da ƙwai, ta bi zanen layi layi, har tsagar bango ba ta bari. Yau akwai hotunan da suka dushe ko aka sace, sai a kwafinsu ake ganinsu. Gunkin da aka samu a kabarin Nakht ma ya nutse a teku a 1915, lokacin da Jamusawa suka harbe jirgin da ya ɗauko shi zuwa Amurka; hotonsa kaɗai ya rage.

Mutanen Gurna sun daɗe suna zaune kan kaburburan, hayaƙin girkinsu ya baƙanta wasu. A 2006 gwamnatin Masar ta fara tashinsu tana rushe gidajen, abin da ya yi wa da yawansu ciwo. Sauran abokan gaba su ne gishirin da ke tsatsowa daga dutse da danshin numfashin 'yan yawon buɗe ido, shi ya sa aka kare bangon kabarin Nakht da gilashi.