Ɗan Jinga Ne Ko Ɗan Ƙwadago?

Duk mai gonar albasa ko mai gidan bulo a kan hanyar Sakkwato zuwa Jega, daga Boɗinga har Shagari, yana ɗaukar mutane aiki, kuma yana da sunan da yake kiran kowannensu. Wani lebura ne, wani ɗan jinga, wani yaron gida, wani kuma tun da aka fara rubuta takarda da Turanci ya zama ɗan kwangila. Muddin ana zaman lafiya ba wanda ke kula da waɗannan sunaye. Ranar da rijiya ta rufta ba a kai ga ruwa ba, ko injin ban ruwa ya ƙone a hannun mai tayar da shi, ranar ce ake gane cewa sunan shi ke nuna wanda asara za ta hau kansa.

Bahaushe ya daɗe da raba aikin lada gida biyu. A ƙwadago, lokacin mutum ka saya. Ya zo da safe, ka nuna masa kuyyan da zai nome, ka ba shi fura da rana, ya tashi a lokacin da aka saba, ka biya shi kuɗin yini ko gona ta ƙare ko ba ta ƙare ba. A jinga kuwa aikin ka saya. Kun tsaya a bakin gona, ya auna ta da ido, kun daidaita a kan kuɗi. Daga nan ba ruwanka da ko da asuba zai zo ko da la'asar, shi kaɗai ko da ƙannensa. In ya gama cikin yini ɗaya ribarsa ce; in ƙasa ta yi tauri ta ci masa kwana huɗu, shi ya jiyo. Shi ya sa ɗan jinga ba ya son a tsaya masa a kai. Ka matsa masa, sai ka ji ya ce, "Alhaji, ai jinga muka yi, ba yini ba."

Kwangila baƙuwar kalma ce, daga Turanci ta shigo, tare da ayyukan gwamnati na hanyoyi da gine-gine. Asalin ma'anarta jinga ce da ta girma ta shiga takarda. Amma ta tara wani nauyi a bakin mutane: in aka ce wane ɗan kwangila ne, abin da ke zuwa zuciya shi ne mai mota da babbar riga, wanda ya san ƙofar ofis. Wannan kwarjinin ne ke ruɗin ƙaramin ma'aikaci. A ce masa an ɗauke shi a kwangila, sai ya ji kamar an ƙara masa girma, alhali sau da yawa rage masa haƙƙi aka yi.

Wannan yanki ba baƙon irin wannan bincike ba ne. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna a Sifawa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga. Fiƙihun Malikiyya da suka karantar, wanda har gobe ake biyawa a zaurukan garuruwan nan, ya yi wa mas'alar filla-filla. Risala ta Ibn Abi Zaid ta raba ijara da ji'ala. A ijara dole a ambaci lada a kuma san iyakar aiki ko wa'adinsa. A ji'ala ba a yanka wa'adi, kuma mai aiki ba shi da komai sai ya kammala. Cikin misalan da littafin ya kawo har da haƙar rijiya da nemo raƙumin da ya ɓace. Ka ga ke nan mahaƙin da ya yi gaba goma bai tarar da ruwa ba, hukuncinsa ya rataya ne ga wace yarjejeniya aka ƙulla tun farko.

Akwai kuma batun lamuni, wanda a ganina nan ne zurfin abin yake. Wanda ka ɗauka yana yi maka aiki kai kaɗai, kamar makiyayin garkenka, amintacce ne: in dabba ta mutu ba da sakacinsa ba, ba ya biya. Amma mai sana'ar da ya buɗe rumfa ga kowa, kamar tela ko maƙeri ko marini, in ya karɓi kayanka ya tafi da su suka salwanta, Malikiyya ta ce ya lamunce su, sai fa in akwai shaidar cewa ba da hannunsa suka halaka ba. Wanda ke cin gashin kansa shi ke ɗaukar haɗarin sana'arsa. Wanda ke ƙarƙashin umarninka, haɗarin naka ne.

Dokar ƙasa ta biyo wata hanya ta iso wuri guda. A 2008 Kotun Ƙoli ta Nijeriya, a shari'ar kamfanin Shena Security da Afropak, ta jera alamomin da ake dubawa: albashi ake biya ko kuɗin aikin da aka gama? Kayan aikin na wa ne? Mai aikin yana da ikon turo wani a madadinsa? Wa ke yanka lokacin zuwa da tashi, kuma a ina ake aikin? Tambayoyi ne da kowane tsohon manomi a Shagari zai amsa ba tare da lauya ba, domin su ne dai bambancin yini da jinga.

Me ya sa mai kamfani zai so ya kira ma'aikacinsa ɗan kwangila? Saboda ma'aikaci yana da haƙƙoƙin da ɗan kwangila ba shi da su. Dokar Ƙwadago ta ce a ba shi rubutattun sharuɗɗan aikinsa cikin wata uku da farawa. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai aiki zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF, domin ranar rauni ko mutuwa. Dokar fansho ta 2014, a wuraren da ta shafa, ta sa mai aiki ya zuba kashi 10, ma'aikaci kashi 8. Sauya suna kawai, duk wannan ya sauka daga wuyan kamfani. Direban da ke tuƙa motarka, da manka, a lokacin da ka yanka masa, shekara da shekaru, ba ɗan kwangila ba ne ko da takarda ta kira shi haka sau goma. Kiransa haka zalunci ne, kuma kotu tana iya ajiye sunan ta dubi yadda zaman yake.

Ta ɗaya gefen ma akwai cuta. Mai gona kan yi jinga da mutum, sa'an nan ya riƙa aikensa kasuwa kamar yaron gidansa. Ɗan jinga kuma kan karɓi kafin alƙalami ya tafi cin rani ya bar aiki rabi. Kafin alƙalami, wato kuɗin somin aiki, galibi a baki ake ba da shi, ba shaida.

Saboda haka takardar jinga ba ta bukatar shafi goma. Ta faɗi aikin da iyakarsa: rijiya gaba nawa, kuma sai an ga ruwa ko kuwa kowace gaba da kuɗinta. Ta faɗi wa zai kawo siminti da kayan aiki, nawa aka bayar kafin alƙalami, yaushe za a cika sauran, wa zai gyara in gini ya tsage, wa zai ɗauki jinyar leburan da ɗan jinga ya zo da su in ɗayansu ya ji rauni, da kuma gaban wa za a je in an saɓa, mai unguwa ko alƙali. A rubuta ta da Hausa, da boko ko da ajami, yadda mai dangwala yatsa zai ji abin da ya amince da shi, a karanta ta a gaban shaidu biyu, kowane ɓangare ya riƙe kwafinsa.