Dutsen Dala, Ganuwa da Gidan Rumfa

Duk wanda ya taso daga Rogo Sabon Gari, ya bi ta Ƙaraye da Gwarzo zuwa Kano, ta Kabuga zai shiga gari. Yawancinmu mun ɗauki Kabuga wurin sauka a hau adaidaita sahu ne kawai, alhali ƙofar birni ce, kuma tarihinta ya taɓa ƙasarmu. Littafin Tarihin Kano ya kawo cewa a zamanin Sarki Muhammadu Nazaki (1618 zuwa 1623) Wambai Giwa ya faɗaɗa ganuwa ta wannan gefe, har da Gadon Ƙaya da Dukawuya da Kabuga, kuma a zamanin ne Kanawa suka fatattaki rundunar Katsina a Ƙaraye. Ta ƙofar Kabuga dai sojan Ingila suka kutsa birnin a watan Fabrairu na 1903, lokacin Sarki Alu yana Sakkwato.

Amma mai son ya fahimci Kano, Dala ya kamata ya fara hawa, domin daga gindinsa garin ya tsiro. Dutsen ba shi da tsayin a zo a gani. Jan marmara ne, an yi masa matakala ta siminti, gidaje sun rungume shi ta ko'ina, har sai ka ratsa lunguna kafin ka iske inda ake fara hawa. Da ka kai sama sai ka tarar da fili shimfiɗaɗɗe mai tsakuwa, iska na kaɗawa, birni kuma ga shi a tafin hannunka: Goron Dutse daga yamma, hasumiyoyin Babban Masallaci daga kudu, rumfunan Kurmi a tsakani. Nan take mutum zai gane dalilin da ya sa mutanen farko suka zaɓi wurin. Babu maharin da zai taso ba a hango ƙurarsa ba, ga kuma tama a jikin dutsen. Masu binciken kayan tarihi sun tono wuraren narka ƙarfe a gindinsa waɗanda suka kai wajen ƙarni na 7.

A kan wannan dutse Barbushe ya zauna, shi ne mai shiga wurin tsafin Tsumburbura ya fito ya faɗa wa jama'a abin da zai auku. Bagauda ya zo a 999 bisa lissafin Tarihin Kano, jikansa Gijimasu (1095 zuwa 1134) ya fara ginin ganuwa, ɗansa Tsaraki ya ƙarasa. Sarki Tsamiya ya rushe wurin tsafin, sannan a zamanin Yaji (1349 zuwa 1385) Wangarawa suka iso daga Mali da Musulunci.

Ganuwar ce ta fi ɗaukar hankalina. Da tubali aka yi ta, irin wanda ake mulmulawa da hannu, gindi faffaɗa, kai tsukakke, a jera shi a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Inda aka haƙi ƙasar ta waje ya zama gwalalo, kariya ta biyu ke nan. Ta ciki kuma akwai badala inda mayaƙa ke tsayawa. Ba gidaje kaɗai ta kewaye ba, har da gonaki da kududdufai, don ko an yi wa gari ƙawanya a samu abin ci da na sha. Kuma ginin ƙasa ba ya rayuwa sai da yaɓe bayan kowace damina, aikin da gayya ce kaɗai ke iya masa.

Fadar kuwa aikin Muhammadu Rumfa ce (1463 zuwa 1499), wanda ya kafa Kasuwar Kurmi, ya kuma karɓi baƙuncin Shehu Magili. Gidan Rumfa gari ne a cikin gari, da katangarsa da soraye da filaye, kuma har yau gidan sarauta ne, ba kufai ba. Baƙo iyakarsa Ƙofar Kudu sai da izini. Wanda ke son ya ɗaga kai ya ga ɗaurin guga da jerin azara, ya tsallaka Gidan Makama, inda aka ajiye tsofaffin ƙyamaren ƙofofin birni.

Abin da ke ci mini rai shi ne halin da ganuwar ke ciki. Wani wuri an kwashe ƙasarta an yi gini, wani wuri an kafa shaguna a kanta, wani wuri ta zama juji. Dala kansa ruwan sama yana zaizaye shi, gidaje kuma na ƙara matsowa. Tun 2007 aka sa ganuwar da wuraren da ke tare da ita a jerin waɗanda Najeriya ke nema wa shiga kundin UNESCO, har yanzu maganar ba ta wuce nan ba. An gyara ƙofofi da dama da siminti, sun yi kyau a hoto, amma a wurare da yawa ƙofar ce tsaye ita kaɗai, babu bango dama babu bango hagu.