Otto Weddigen da Karyewar Al'adar Ceto a Teku

Da sanyin safiyar 22 ga Satumba 1914, tsofaffin jiragen yaƙin Birtaniya uku, Aboukir da Hogue da Cressy, suna sintiri a Tekun Arewa kusa da gaɓar Holan. Tafiya suke a hankali, ba 'yan rakiya, domin hargitsin teku ya sa ƙananan jiragen da ke tsaronsu sun koma tasha. A ƙarƙashinsu kuwa akwai U-9, ƙaramin jirgin nutso na Jamus mai aiki da kananzir, wanda in yana saman ruwa farin hayaƙinsa kan tona masa asiri tun daga nesa. Kwamandansa Otto Weddigen ne, haifaffen Herford a 1882, wanda ya shiga rundunar ruwa a 1901, aka damƙa masa wannan jirgi a 1911.

Cikin kimanin awa ɗaya da rabi ya nutsar da su ukun. Mutum 1,459 suka halaka, da yawansu sojojin ko-ta-kwana ne magidanta, da ɗaliban makarantar sojan ruwa waɗanda ko gemu bai fito musu ba.

Masu tarihi sukan ɗauki wannan rana a matsayin shaidar cewa jirgin nutso ya zama makami na gaske. Ban musa ba, amma a ganina an fi mayar da hankali ga na'ura fiye da abin da ya ba ta sa'a. Da makami na farko ya sami Aboukir, kyaftin ɗinsa ya zaci nakiya ya taka, sai ya kira 'yan'uwansa su kawo ɗauki. Hogue ya matso, ya tsaya cik, ya sauke kwale-kwalen ceto. Nan aka harbe shi. Cressy ma bai gudu ba, yana tsamo mutane daga ruwa ajalinsa ya riske shi. Ashe abin da ya miƙa wa Weddigen jirage biyu daga cikin ukun shi ne tsohuwar al'adar matuƙa, cewa ba a barin ɗan'uwa yana shan ruwa a wuce. Bayan wannan asara hukumar sojan ruwan Birtaniya ta hana manyan jirage tsayawa ceto a inda ake zaton akwai jirgin nutso. Wannan umarni, a wurina, ya fi nutsewar jiragen nauyi, don kuwa ya mayar da tausayi laifi a dokar soja.

Za a iya cewa ai yaƙi ne, kuma jiragen na yaƙi ne, saboda haka Weddigen bai keta doka ba. Gaskiya ne. Hasali ma shi kansa bai rabu da tsohuwar tarbiyya gaba ɗaya ba. Bayan ya ƙara nutsar da jirgin yaƙin Birtaniya Hawke a watan Oktoba, aka ba shi lambar Pour le Mérite, sannan a farkon 1915 ya karɓi U-29; jiragen 'yan kasuwa huɗu da ya nutsar da shi, sai da ya bar ma'aikatansu suka sauka cikin kwale-kwale. Amma wannan ladabi na mutum ɗaya ne, ba ɗabi'ar makamin ba. Jirgin da ƙarfinsa duk yana cikin ɓuya ba zai daɗe yana sallama kafin ya kai hari ba, kuma nutsar da jirgin fasinja Lusitania a watan Mayun 1915 ya tabbatar da haka.

Weddigen bai ga ranar ba. A 18 ga Maris 1915, a yankin mashigin Pentland da ke arewacin Sikotlan, ya harbi rundunar manyan jiragen Birtaniya ya kuskure. Jirgin yaƙin Dreadnought ya hango shi, ya juyo, ya banke U-29 da goshinsa, dabarar da ta girmi bindiga a yaƙin teku. Gaban U-29 ya ɗago har aka karanta lambarsa, sannan ya nutse da mutum 32. Ba a tsamo ko ɗaya ba. Shekarun Weddigen 32 a lokacin.